Muryar da ke kwance a faifai guda

Ɗalibin ilimin harshe da ya dawo daga bincike a ƙauyukan Adar ko na Arewa yana ɗauke da dukiya iri biyu, kuma darajarsu ba ɗaya ba ce. Akwai babin da ya rubuta, wanda in ya ɓace zai iya sake rubutawa, ko da rai a ɓace. Akwai kuma muryar tsohuwar da ta yi masa tatsuniya da karin harshen garinsu, wadda in ya koma baɗi mai yiwuwa ya tarar an daɗe da yin sadakar arba'in ɗinta. Abin mamaki, babin ake yi wa kwafi a kile, muryar kuwa a bar ta a kwamfuta ita kaɗai, wai don nauyinta: awa guda ta sauti a tsarin WAV takan kai megabayit 600.

Faifan da aka damƙa wa wannan amana ba shi da ƙwarin da ake zato. Tsohon samfurinsa yana juyawa sau 5400 a minti guda a yawancin kwamfutocin hannu, allurar da ke karanta shi kuwa tana shawagi a kansa da tazarar da ba ta kai kaurin gashi ba. Faɗuwa ɗaya daga tebur yana cikin aiki ta isa. Zafin watan Afrilu, ƙurar hunturu da ɗaukewar wuta suna ƙara masa tsufa. Sabon samfurin, SSD, ya fi jure girgiza, amma shi sau da yawa ba ya ko jinya, mutuwar farat ɗaya yake yi.

Masu aiki da ELAN suna da wani tarko nasu. Fayil ɗin da manhajar ke ajiyewa rubutu ne kawai da alamun lokaci. Sautin yana can daban. Wanda ya kwafi ɗaya ya bar ɗayan ya tsira da fassarar maganar da ba wanda zai sake ji, kuma ga mai nazarin karin sauti ko tsawon wasali, wannan da babu duk ɗaya.

Masu adana bayanai suna da ƙa'ida mai sauƙin riƙewa: kwafi 3, a ma'aji iri 2, ɗaya daga ciki a wani wuri dabam. Sharaɗin ƙarshen ne ɗalibai suka fi sakaci da shi. Kile da ke jaka ɗaya da kwamfuta, ɓarawo ɗaya ne zai ɗauke su, ruwan damina ɗaya zai jiƙa su. Gara faifai na biyu ya kwana a gidan iyaye a Tawa ko Damagaram, ko a ɗora sautin a Google Drive daren da intanet ta yi sauƙi. Nan ma da lura: in an haɗa babban fayil da kwamfuta yana sabunta kansa, abin da aka goge a nan zai gogu a can.

Kwafin kuma sai an riƙa buɗe shi ana saurare, ko sau ɗaya a wata, tun kafin ranar kare kundi ta matso.