Ƙasaru a tafiyar buɗe ido



Wani ɗanmu da ke aiki a Italiya ya aiko da tambaya: yana nufin kai maiɗakinsa gaɓar teku, daga Napoli zuwa Amalfi, cikin watan Disamba, sa'ad da baƙi suka watse, masauki ya yi araha. Shin za su yi ƙasaru? Ku saurara, domin hukuncin ya shafi mai tashi daga Tabla zuwa Yamai.

A mazhabar Imamu Malik, nisan ƙasaru baridi 4 ne, wajen kilomita 80, kuma niyyar zaman kwana 4 tana yanke shi. Sai dai Shehu Halil ya fitar da mai tafiyar saɓo da mai tafiyar wargi, kamar mai farauta don nishaɗi kawai. A nan tambayar ta yi nauyi.

Abin da na rinjayar: mijin da ya fita da iyalinsa don ya faranta mata, su ga ikon Allah, ban kira shi mai wargi ba. Kuma ya iya zaɓen lokaci, ɗari ya kore tsiraicin da ke cika gaɓar nan da zafi. Amma a auna nisan daga garin da suke zaune, domin Napoli zuwa Amalfi kaɗai bai cika ba.

Ku gaya wa naku da ke can: rana tana faɗuwa kafin ƙarfe 5, la'asar tana kuɓucewa mutum yana ɗaukar hoto. Alƙiblarsu kuma kudu maso gabas ce, kada su bi gabas ɗin da suka saba a Kurfai.

Wallahu a'alamu.