Ranar da harshen Kawu ya ɗaure

Kawuna dillalin raƙuma ne a kasuwar Dakoro, bakinsa ne jarinsa. Wata safiya muka tarar bakin ya karkace, hannu da ƙafa na dama sun saki. Na ce, "Kawu, ka gane ni?" Ya gyaɗa kai, amma sunana ya ƙi fitowa. Maƙwabta suka ce iska ce ta buge shi. Kwana biyu muna turare da tofi kafin muka kai shi Maradi.

A can likita ya zana mana ƙwaƙwalwa a takarda, ya ce kowane sashe da aikinsa. Na goshi ke yanke shawara da ba gaɓoɓi umarni, na ƙeya ke gani, na wajen kunne ke ji da ajiye abin tunawa. Ƙaramar ƙwaƙwalwa da ke ƙasan ƙeya tana hana mutum tangaɗi, tushen da ya haɗu da laka kuma yana riƙe da numfashi da bugun zuciya. Ɓarin hagu ke juya jikin dama, kuma a nan yawancin mutane ke harhaɗa magana, wurin da Paul Broca ya bayyana a Faransa a 1861. Nan hawan jini ya fasa wa Kawu jijiya.

Har yau yana karanta Fatiha ba gargada, amma "ruwa" sai ya nuna randa.

Kwana biyun nan ba su bar raina ba. Yanzu kowane wata nakan kai Inna a auna mata hawan jini.