Gayya Da Iyaka A Wurin Aiki

Mu da muke koyarwa a makarantun Kano muna fama da ciwo iri biyu, dukansu kuwa kunya ce ta haife su. Na fari, ba mu iya ce wa abokin aiki a'a. Na biyu, ba mu iya buɗe baki mu ce a taimake mu. Mai yiwuwa ne mai karatu ya tarar da su a asibiti, ko ofis, ko kanti, inda yake neman abincin iyalinsa.

Wani malami yakan zo da safe ya ce, "Malam, don Allah riƙe mini ajina, zan je banki in dawo." Mukan riƙe, gama zaman tare ya gaji haka. Gobe ya sāke, jibi ya sāke, har ya daina roƙo, sai dai ya aiko yaro ya faɗa mana. Wani kuma rancen kuɗi yake nema kowane tsakiyar wata, wani ya bugo waya da dare ana cin tuwo domin a haɗa masa sakamakon jarrabawar ajinsa. Mun ga malamin kirki wanda ya yi zango guda yana riƙon aji biyu. Da aka yi jarrabawa yaransa suka fāɗi a lissafi, shugaban makaranta kuwa shi ya kira ya yi wa faɗa. Wanda aka yi wa alherin yana zaune a inuwa bai ce uffan ba. Uwargidan malamin ma ta sha nata, domin kullum da tarin littattafan wani yake komowa gida.

Ciwo na biyu ya fi ɓuya. Tun da aka buɗe shirin ilimin firamare kyauta a 1976 ajujuwa suka cika maƙil, har yau kuma da yawa ba su sauƙaƙa ba. Sabon malami yakan tsaya gaban taron yara bai san yadda ake cika rajista ba, ko yadda zai koyar da darasin da shi kansa bai gane sosai ba. Yana tsoro kada a ce takardarsa ta banza ce, sai ya yi shiru har mai duba makarantu ya zo ya tona. Ai ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Da ya tambaya tun makon fari, da minti goma sun ishe shi.

Kakanninmu na nan birni sun riga mu sanin maganin abin nan. Masu binciken tarihi sun nuna cewa ana narka tama a gindin Dutsen Dala tun wajen ƙarni na 7. Har yanzu wanda ya leƙa maƙera zai ga maƙeri da mai zuga masa wuta. Maƙeri ba ya jin kunyar kiran mai zuga, amma mai zuga ba ya karɓe masa guduma. Ganuwa ma haka. Tarihin Kano ya ce Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ta, Muhammadu Rumfa kuma, daga 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ta. Hannun jama'a da yawa ne ya tā da ita. An kuwa bar mata ƙofofi, irin su Ƙofar Ruwa da Ƙofar Mazugal, a buɗe da safe a rufe da dare, kowace da Sarkin Ƙofa. Yau ganuwar ta zube a wurare da dama, ba kuwa yaƙi ne ya ci ta ba. Ruwan sama ne, da masu ɗiban ƙasa, da masu gini, kowa ya ɗan ci kaɗan ba mai hanawa. Lokacin mutum da ƙarfinsa haka suke ƙārewa a wurin aiki.

Sai mu dubi gayya ta manoma, gama tana da ƙa'ida. Mai gona yakan tafi da ƙafarsa ya gayyaci mutane tun da sauran kwanaki. Yakan faɗi rana, ya faɗi irin aikin, noma ne ko girbi. Yakan tanadi fura da tuwo, shi kansa kuma yana cikin kunya da fartanya. In an kai iyakar gonarsa, inda aka dasa gamba, sai kowa ya saɓa fartanyarsa. Ranar da maƙwabci ya kira tasa gayyar, ba ya ɓuya a ɗaki.

To, mu ma haka ya kamata mu yi. In muna bukatar taimako mu faɗa da wuri, mu faɗi ainihin abin da ya gagare mu, mu je wurin wanda ya sani ko wanda yake da ikon raba aiki. Mu ce, "Ranka ya daɗe, takardu ɗari da hamsin ke gabana, ba zan gama kafin Juma'a ba sai an ƙara mini hannu ko kwana." Wannan magana ta fi alkawarin da ba za a cika ba, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

In kuwa mu aka roƙa, mu amsa a fili. Rashin lafiya da rasuwa da haihuwa ba a jiran a tambaye mu. Amma ga wanda ya mai da roƙo al'ada, sai mu kira shi gefe, ba a gaban yara ba, mu ce, "Ɗan'uwa, yau zan riƙe maka, daga gobe sai ka bi ta wurin shugaba." Zai ɓata rai kwana biyu. Ɓacin ran nan ya fi gunaguni a bayan ido, wanda shi ne yake kashe zumunci a ɗakin malamai. Rance kuma kada ya wuce abin da za mu iya yafewa ba tare da tukunyar gida ta kwana a kife ba.

Iyaye, wannan horo a gida yake farawa. Yaron da aka koya wa ya ce "ban gane ba" ba tare da an yi masa dariya ba, da yarinyar da aka bari ta ce "aikin Yaya ne, ba nawa ba" cikin ladabi, su ne za su zauna lafiya da abokan aiki in sun girma.