Fitilar Akwatin Kifi

A shekarar 2019 wani tsohon ɗalibina mai fatauci zuwa Kwatano ya kawo mini tsaraba: akwatin gilashi mai cin lita 60 ta ruwa, da ƙananan kifaye goma, da wata shuka mai kaurin ganye ɗaure a jikin guntun itace. Na kai shi ajinmu a Damagaram, na girka a kusurwa. Ni da na shekara ashirin ina koya wa yara yadda ganye ke haɗa abincinsa da haske da ruwa da iskar kabon, na ɗauka babu abin da zai gagare ni.

Tunanina mai sauƙi ne: tun da shuka haske take so, a ba ta da yawa. Na rataya babban ƙwan lantarki irin na dā a kan akwatin, na matsar da shi bakin taga, na bar fitilar tana ci dare da rana. Kafin mako uku ruwan ya koma kore kamar na tafki a ƙarshen damina. Gansakuka ta lulluɓe ganyen. Ga watan Afrilu, ga zafin ƙwan, ga na rana. Wata safiya muka iske kifi huɗu sun taso ciki sama. Yarinyar da aka ɗora wa ciyar da su ta fashe da kuka, tana zaton laifinta ne. Dole na tsaya gaban ajin na ce: "Ƴaƴana, laifin malaminku ne." Garin neman ƙiba na samo rama.

Daga nan na koma ɗalibi. Shukar sunanta Anubias barteri, kuma ƴar Afirka ta Yamma ce. An raɗa mata sunan Charles Barter, masanin tsirrai da ya biyo tawagar Baikie a kogin Kwara, ya rasu a 1859. A bakin ƙoramun kurmi take tsirowa, ƙarƙashin inuwar manyan itatuwa, kuma girmanta a hankali yake. In haske ya fi abin da ganyenta zai iya sarrafawa, rarar ta zama rabon gansakuka. Ruwa kuwa in ya ɗumama, iskar da kifi ke shaƙa a cikinsa raguwa take yi.

Masu wannan sana'a da lumen suke auna haske. Shukar inuwa tana wadatuwa da lumen 10 zuwa 20 a kowace lita, wato akwatina bai buƙaci fiye da 1200 ba. Sukan zaɓi farin haske na wajen Kelvin 6500, mai kama da na tsakar rana, su kunna shi awa 6 zuwa 8 kacal. Na sayi siririyar fitilar LED mai wat 10, wadda ba ta dafa ruwa, na janye akwatin daga taga. Muka riƙa sauya kashi ɗaya cikin uku na ruwan kowane mako. Yara suka tsara juyi: mai kunnawa da ƙarfe takwas, mai kashewa da ƙarfe biyu. Ranar da aka ɗauke wuta kuwa ba mu damu ba, don shukar ta saba da duhu-duhu.

Bayan wata biyu sabon ganye ya ɓullo, ɗan ƙarami, a naɗe. Yarinyar nan ce ta fara ganinsa, ta kuma rubuta ranar a allo.

Ƴan'uwa malamai, tun daga lokacin nakan tsaya in dubi yaron da ke zaune shiru a bayan aji kafin in ƙara masa aiki. Nakan tambayi kaina irin shukar da yake, da kuma yawan hasken da zai iya ɗauka a yau.