Akushin Tsohuwa Ma Gado Ne

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, Magajin ƙasa da abin da ke bisanta. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da Alayensa da Sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, wata sha'awa ta shigo mana, ta tara tsofaffin kayan gida. Akushi da adudu da tasar tagulla ta Bida da langa da fitilar aci-balbal da dutsen guga na gawayi, abubuwan da muka buɗi ido muka gani a ɗakunan iyayenmu mata, aka yi watsi da su da roba ta zo, yau su ne masu hali ke nema ruwa a jallo. Wanda ya ratsa Kasuwar Kurmi ta Kano, wadda aka kafa zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499), zai tarar da masu wannan ciniki.

Mu ba mu ga laifin adana kayan magabata ba. Ya zo a cikin Sahihul Buhari cewa Anas bin Malik, Allah Ya yarda da shi, ya adana ƙoƙon shan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wanda ya tsage aka ɗaure shi da azurfa. Sahal bin Sa'ad ma ya riƙe wani, har Umar bin Abdul'aziz ya roƙe shi, ya ba shi kyauta. Mu ma nan kusa muna da Gidan Makama, inda 'ya'yanmu ke ganin yadda kakanninsu suka rayu.

Abin da ke damunmu shi ne hanyar da kayan ke bi su fita daga gida. Sau da yawa mun halarci rabon gado, aka lissafa gona da gida da bisashe, aka bar ɗakin tsohuwa, wai tarkace ne. Kafin sadakar arba'in babban ɗa ya kira dillali, ko wata ɗiya ta ɗauke tasa mafi kyau da sunan tunawa da Inna. Alhali kuwa a shari'a duk abin da mamaci ya bari, ko da allura ce, dukiyar gado ce. Za a fara fitar da kuɗin likkafani, a biya bashi, a zartar da wasiyya muddin ba ta wuce sulusi ba, sa'an nan sauran ya zama na magada bisa rabon da Allah Ya yanka a Suratun Nisa'i, aya ta 11 da 12 da 176. Aya ta 10 kuwa gargaɗi ce mai tsanani ga masu cin dukiyar marayu, kuma galibi akwai maraya a cikin magadan.

Mai saye shi ma yana da nasa nauyi. Ya bincika ko mai sayarwa shi ke da kayan. Kada ya fake da rashin sanin bazawara ya karɓi abin dubbai da ɗaruruwa. Wanda kuma ke turara sabon akushi da hayaƙi don ya yi kama da tsoho, ya sani algus yake yi.

Mafita mai sauƙi ce. A kira masana su yi wa kayan ƙima. Magajin da ke son wani abu ya ɗauke shi a cikin rabonsa, ko baligai su bar masa nasu da daɗin rai. Amma rabon maraya, babu mai ikon yafe shi.

Allah Ya jiƙan iyayenmu, Ya tsare mu daga cin haƙƙin wani, amin. Wassalamu alaikum.