Gafakar Kakana da Mujallar da Muke Ƙoƙarin Kafawa

A zauren gidanmu da ke Kunduru, cikin ƙasar Kankiya, akwai wata gafaka ta kakana wadda ba a buɗe ta sai da dalili. Da Allah Ya yi masa rasuwa aka miƙo mini ita, kasancewar ni ne ɗan gidan da ke aikin ɗakin karatu. A ciki na tarar da waƙoƙin wa'azi da wasiƙu cikin ajami, gara ta fara cin gefen wasunsu. Na ɗauki hotonsu, na ƙudura niyyar shigar da su kundin kwamfuta na wurin aikina, domin mai nazari ya same su ko daga ina yake.

Muna amfani da Koha, manhajar kyauta da ta fara aiki a ƙasar Niyu Zilan a shekarar 2000. Manhajar ba ta da laifi. Mu ne ba mu saita mata tsarin haruffanmu ba. Saboda haka duk sunan littafin da ya fara da ɓ ko ɗ ko ƙ sai ya koma can bayan z. Wanda ya nemi “ƙasa” ba zai ga abin da magabatanmu a aikin suka shigar da “kasa” ko “k'asa” ba, lokacin da babu haruffa masu lanƙwasa a na'urarsu. Littattafan Nijar kuwa da ƴ ake rubuta su, namu da 'y, don haka kalma ɗaya ta rabu gida biyu. Wata uku na yi ina fama kafin na shawo kan rabin matsalar.

Daga baya, a wani taro a Zariya, na haɗu da wata ma'aikaciya daga Sakkwato wadda ta warware wannan matsala shekara biyu kafin ni. Gyaran na nan cikin kwamfutarta, ba wanda ya san da shi, domin ba ta da inda za ta buga shi. Mujallun harshe na ganin batun na masana kwamfuta ne, su kuma na kwamfuta suna ganin ya yi ƙanƙanta.

Takwarorinmu na ƙetare sun riga sun fita daga wannan tsaka-mai-wuya. A watan Disamba na 2007 suka fitar da Code4Lib Journal, wadda 'yan sa-kai ke shiryawa, kowa ke karantawa kyauta, editoci kuma suna aiki tare da marubuci har muƙalarsa ta nuna. Mu shida muka yi shawarar kafa irinta da Hausa, a kan manhajar Open Journal Systems. Ɗora ta a intanet bai ɗauke mu mako guda ba. Samun marubuta ne ya gagara, domin kowa tambayarsa ɗaya: kwamitin ƙarin girma zai ƙirga ta? Har yau muƙala uku kawai ke hannunmu.

Abin da ya sa na kawo kukana gaban malaman Hausa shi ne, yawancin tambayoyinmu naku ne. Shin sh da ts za su tsaya da ƙafarsu a jerin kundi, ko a bar su ƙarƙashin s da t? Sa'adu Zungur da Mu'azu Haɗeja, da sunan yanka za a jera su ko da sunan gari? Wace ƙa'ida za a bi wajen mayar da kan rubutun ajami zuwa boko? Idan ba ku yanke ba, mai gyaran manhaja zai yanke shi kaɗai cikin dare, kuma a kan hukuncinsa ɗalibanku za su nemi muƙalunku na Harsunan Nijeriya da Algaita da Ɗunɗaye, su samu ko su rasa.

Muna roƙon mutum biyu daga cikinku su shigo kwamitin tacewa, sassan Hausa kuma su amince cewa wannan ma aikin ilimi ne. Takardun kakana suna cikin kundi yanzu, amma wasiƙa ɗaya ta rage, domin ban san a ƙarƙashin wane harafi zan sa sunan marubucinta ba.