Kyamarar Gwanjo da Hoton Kawu

Duk wanda ya yi ƙuruciya a Nguru cikin shekarun 1980 zai iya tuna mai hoton nan da ke kafa akwatinsa mai ƙafa uku a kusa da tashar jirgin ƙasa. Tun da dogo ya iso garin daga Kano a 1930 tashar nan ta zama matattarar fatake da 'yan dako da dillalan gyaɗa da ƙaro da bandar kifi, saboda haka mai hoto bai taɓa rasa wanda zai zauna masa a kan benci ba. Mu yara mukan kewaye shi muna kallon yadda yake cusa kansa cikin baƙin ƙyalle, ya zare murfin gilashi, ya ƙirga a zuci, ya mayar. Bayan ɗan lokaci sai ya fito da fuskar mutum a jiƙe, ya tsoma ta cikin bokiti. A wurinsa aka ɗauki hoton mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, sanye da hula dara, ya haɗe gira kamar wanda aka kawo wa sammaci. Wannan shi ne kaɗai hotonsa da muka mallaka.

Hoton nan yana cikin wata akwatin ƙarfe a ɗakin mahaifiyarmu a Gashuwa, tare da hotunan suna da na sauka da na aure na kusan shekara arba'in, lokacin da ambaliyar daminar 2022 ta shiga unguwar. An tsira da rai, alhamdu lillahi, an kuma tsira da awaki. Amma da ruwa ya janye aka buɗe akwatin, sai aka tarar hotunan sun manne da juna sun zama curi guda kamar ƙuli-ƙuli. Mun yi ƙoƙarin ɓamɓare su, fuskoki suka riƙa biyo yatsunmu. A ranar ne muka lura cewa mu da muka yi shekaru muna koya wa ɗalibai muhimmancin taskace adabin baka, ko hoton kirki guda ɗaya na tsofaffin gidanmu ba mu ajiye ba.

Daga cikin tsofaffin da suka rage akwai kawunmu, yayan mahaifiyarmu, masunci ɗan Bade wanda ya haura shekara saba'in amma bai daina shiga ruwa ba. Kawu yana cikin masu kifa ciki a kan ƙaton gora, su riƙa tuƙi da ƙafa, homa a hannu, in sun kama su jefa kifin ta bakin goran. Irin sun da ake nunawa ke nan a bikin kamun kifi na Bade a Gogaram, sai dai shi ba don 'yan kallo yake yi ba, da shi ya ci da iyali. Muka ƙudura niyyar ɗaukar hotonsa a kan goran nan, hoton da za a iya wankewa babba a rataya a zaure. Wayarmu ba za ta iya wannan ba, domin in aka jawo abu daga nesa da ita sai ya dagule. Kyamara muke bukata.

To, sabuwa dai ba ta malamin jami'a ba ce, balle wanda bai daɗe da fitowa daga yajin aikin wata takwas na 2022 ba. Sai gwanjo. Abin da ya sauƙaƙa lamarin shi ne, tun 2018 da kamfanonin Canon da Nikon suka mai da hankali ga sababbin kyamarori marasa madubi a ciki, masu hoton Turai da Amurka suka shiga sayar da tsofaffin nasu, waɗannan kuwa su ne ke gangarowa Legas, daga can su iso Kano. A farkon 2023 muka shiga wani shago a Kano, yaron shago ya ɗauko mana wata baƙa mai sheƙi, ko ƙwarzane babu a jikinta. Ya danna, muka ji ƙarar nan mai daɗin ji, hoton ya fito a bayanta tangaran. Ya ce wata Baturiya ce ta yi amfani da ita, sau biyu kacal, a wurin biki. Mun sha karantar da ɗalibai dabarun zuga da kambamawa a bakin maroƙa, amma da aka yi mana su a shago ko kusa ba mu gane su ba. Muka biya abin da ya ɗara albashin wata, muka fito muna jin mun yi wayo.

Daga Nguru zuwa Gashuwa tafiyar kimanin awa guda ce, ta Jajimaji. Kafin mu je wurin kawu sai muka ratse Dagona don mu gwada hannu. Tafkin Dagona yana cikin fadamun Haɗeja da Nguru, inda tsuntsayen Turai ke sauka da kaka bayan sun ƙetare Sahara, su yi hunturu tare da namu na gida, su kirinjijiya da dinya da zalɓe, su koma wajen watan Maris. Saboda tsuntsayen nan ne Yarima Philip na Ingila ya ziyarci wurin a 1989. Muka tsaya a gaɓa muka ɗaga kyamara, sai ga dubban tsuntsaye sun koma ɗige-ɗige kamar an watsa gero a tabarma. Gilashin da aka haɗa mana da ita mai milimita 18 zuwa 55 ne, wanda aka yi don ɗaukar mutane a tsakar gida. Tsuntsu kuwa ba ya jira a matso. Ba mu yi wannan tunani a shago ba, domin ba mu tambayi kanmu me za mu ɗauka ba, kyamara kawai muka je saye.

Muka ba kanmu haƙuri da cewa ai kawu ba tsuntsu ba ne. Washegari da asuba, cikin sanyi da hazo, muka bi shi bakin kogin Yobe. Ya tuɓe riga, ya yi bisimilla, ya tura goransa. Rana ta fara ɓullowa ja ta bayan giginyu, haskenta ya kwanta a kan ruwa, kawu ya ɗago homa da tarwaɗa tana wutsil-wutsil a ciki. Muka danna. Kyamara ta yi wata ƙara rabi, ta tsaya, wani rubutu ya fito a bayanta. Muka cire batir muka mayar, muka kashe muka kunna, muka hura mata iska, har da 'yar jijjiga irin wadda ake yi wa rediyo. Shiru. Kawu ya jiyo daga cikin ruwa ya ce, "Ɗana, ka gama ne, ko in sake?" Muka ce ya sake. Ya sake har sau uku, dattijo a cikin ruwan hunturu, mu kuwa muna gaɓa muna kokawa da mataccen ƙarfe. Daga ƙarshe muka zaro waya muka ɗauka. Da ya fito yana rawar ɗari ya ce a nuna masa, ya daɗe yana duban ɗan baƙin abin da ke tsakiyar hazo, sa'an nan ya ce, "To, goran dai ya fito." Muka yi masa alkawarin dawowa baɗi da kayan kirki. Cikin daminar shekarar nan Allah ya karɓi abinsa.

Mai shago ya ce kaya sun bar hannunsa lafiya, maganar ke nan. Ba mu ja ba. Muka kai gawar kyamarar Nguru, wurin wani dattijo da ya yi sana'ar hoto tun zamanin fim, wanda yanzu ya koma ɗaukar fasfo da buga katin aure. A kan kantarsa har yau akwai wata Pentax K1000, irin wadda aka yi ta ƙerawa daga 1976 zuwa 1997, wadda ba ta bukatar batir sai don awon haske. Ya karɓi tamu ya juya ta, bai ko dubi sheƙinta ba. Ya kalli ramin da ake ɗaura ta a kan ƙafa, ya kalli kunnuwan da ake rataya maɗauri, ya shafa maɓallin dannawa da babban yatsa. Ya ce, "Malam, roba ake sakewa, amma waɗannan wuraren ba sa ƙarya. Wannan ta yi aikin biki ya fi a ƙirga." Jikansa ya ɗora hoton ƙarshe da muka ɗauka a Dagona a kan kwamfuta, ya nuna mana wata lamba da ke ɓoye cikin bayanan hoton. Ashe kyamarori da yawa suna rubuta adadin dannawar da aka yi musu. Ƙyauren da ke buɗewa ya rufe a cikinta, wato shota, an auna shi ne a kan dannawa 100,000, tamu kuwa ta wuce 140,000. Baturiyar nan lalle ta sha biki.

Mun yi yini uku muna zuwa wurin Baba, kuma abin da muka koya a kan bencinsa ya fi abin da muka karanta a intanet amfani, domin shi ya san ƙurar da kayan za su shiga. Farkon abin da ya kafa mana shi ne a fara sayen gilashi, wato lensi, kafin a yi maganar jiki. Jikin kyamara yana tsufa kamar waya, gilashi mai kyau kuwa ana gadonsa. Ya nuna mana yadda ake cire shi a haska tocila ta baya, a duba ta gaba. 'Yar ƙura ba komai ba ce, kowane gilashi yana da ita. Abin gudu shi ne wani farin zare-zare kamar saƙar gizo, wannan fumfuna ce, kuma ta fi yawa a kayan da suka daɗe a laimar Legas. In ta ci fuskar gilashin ba ta gyaruwa. Sai a murɗa zoben jawowa da na saiti a ji ko akwai gurji-gurji, wanda ke nuna yashi ya shiga. Game da jiki kuma, ya ce a je da katin memori na kai, a ɗauki hoton farin bango ko sararin sama bayan an tsuke ƙofar haske, a buɗe shi a kwamfuta a faɗaɗa. Tabon da ya tsaya wuri guda a kowane hoto, in ƙura ce ana sharewa, in layi ne ko ɗigo mai launi, to faifan da ke karɓar hasken ne ya sami lahani. A gwada kowane maɓalli, a leƙa ramin batir ko akwai kore-koren tsatsa. Mai kayan da ya hana a yi wannan, in ji Baba, biri yake so ka saya a sama.

Akwai kuma abin da bai shafi lafiyar kaya ba, wato dacewarsu da juna. Bakin da Nikon ke ɗaura gilashi a kai ya samo asali tun 1959, don haka tsofaffin gilasansu da dama suna hawa kan jikin zamani, amma ƙananan jikuna irin D3100 ba su da injin da ke juya tsohon gilashi, sai dai mutum ya yi saiti da hannu. Canon kuwa sun sauya baki a 1987, gilasan da suka gabaci wannan shekara ba sa hawa kai tsaye. Mutum na iya sayen abubuwa biyu masu lafiya ya koma gida su ƙi gaisawa.

Bayan an saki naira a watan Yunin 2023 farashin duk abin da ke shigowa daga waje ya yi tsalle, har gwanjon ma ya fara fin ƙarfinmu. Sai Baba ya haɗa mu da wani tsohon yaronsa a Gashuwa da ya bar hoto ya koma noman shinkafa. Kayansa Nikon D7000 ce, ƙirar 2010, duk gefunanta sun goge, robar riƙonta an liƙe ta da gam. Da a shago muka gan ta da ko taɓa ta ba za mu yi ba. Amma an auna ƙyaurenta a kan dannawa 150,000, ita kuwa ba ta kai rabi ba, jikinta yana da kariya daga ƙura, tana kuma da injin juya tsofaffin gilasai. Ya haɗa mana da gilashi mai milimita 70 zuwa 300. Ya bar mana ita kwana biyu mu gwada kafin a yi maganar kuɗi, ya kuma faɗa mana da bakinsa cewa fitilarta ba ta tashi sai an taimaka mata da farce. Daga baya muka ƙara ƙaramin gilashi mai milimita 50 don ɗaukar fuskoki, da batir na biyu saboda halin wutarmu. Da hunturu ba ma sauya gilashi a fili, sai a cikin mota ko cikin riga. Da damina kuma muna ajiye su cikin rufaffen bokitin roba tare da 'yan ƙullin nan masu tsotse laima da ake samu a kwalin takalmi.

Da ita muka ɗauki mahaifiyarmu tana tankaɗe, da gwaggonninmu biyu, da Baba kansa riƙe da Pentax ɗinsa. Kowane hoto muna wanke shi gida biyu, ɗaya a Gashuwa ɗaya a Nguru, ba ma sake zuba su a akwati guda. Mun koma Dagona mun samo kirinjijiya har ana ganin farin fuskarta. A hunturun 2024 muka je mashigin da kawu ke shiga ruwa, muka tarar kacala ta cinye rabinsa. Goran yana rataye a rumfar gidansa, ya fara tsagewa daga wuya, ɗansa kuma ya koma tuƙa babur a cikin gari. Muka sa aka sauko da shi, muka ɗauke shi ta kowane gefe, ya fito sarai har da ɗinkin da kawu ya yi masa. Shi muka wanke babba muka rataya a zaure. A ƙasansa, cikin kusurwar firam, muka soke ɗan hoton nan na waya, wanda duk baƙon da ya shigo sai ya matso ya tambayi ko mene ne wancan baƙin abu a cikin hazo.